Wasiƙa daga Damagaram: abin da mesa ke gani da leɓenta

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kai da abokan aikinka kuna cikin ƙoshin lafiya, ina roƙon ka ɗan ba ni fili a shafin wasiƙu in yi magana a kan maciji. Na san ba zance ba ne mai daɗin ji. Amma ga kaka ta kawo jiki, lokacin da manomi ke cusa hannu ƙarƙashin damin gero da tarin harawa, kuma a irin wannan lokaci ne labarin sara ke yawaita daga ƙauyukan Mirya, Magarya da Matamai. Ni malamin kimiyyar halittu ne a wata kwaleji a nan Zinder, kuma abin da ke damuna shi ne, kusan duk abin da ɗalibaina suka sani game da maciji daga bakin masu wasa da shi a kasuwa suka ɗauko shi.

Wata Alhamis a kasuwar Dole na tsaya bayan taron da ya kewaye wani gardi, ya rataya mesa a wuya yana tallar magani. Ya ce mesa tana janyo akuya da numfashinta daga nesa, akuyar ta taho da ƙafarta tana kuka. Ya ce akwai wani dutse mai haske a cikinta, in dare ya yi sai ta amayo shi ta yi kiwo a haskensa. Ya nuna harshenta yana fita yana komawa, ya ce nan dafin yake. Daga nan ya zazzage ƙullin gari da layu, mutane suka yi ta miƙa kuɗi. Duk maganganun nan uku babu ta gaskiya. Abin da ya fi ba ni takaici, gaskiyar tana nan a fuskar mesar da ke wuyansa, taku biyu daga idon masu kallo, kuma abin da Allah ya hore mata ya fi abin da gardin ya ƙaga ban mamaki nesa ba kusa ba.

Duk wanda ya samu damar duban kan mesa kusa-kusa, ko da a hoto ne, ya dubi leɓenta na sama daga gaba, ƙasa da hanci. Zai ga 'yan ramuka a jikin ɓawon da ya jeru a bakin leɓen. Babbar mesar ƙasashenmu tana da biyu a tsinin baki, sannan ɓawo biyu na farko a kowane gefe suna da rami mai zurfi, leɓen ƙasa ma akwai wasu marasa zurfi. Ni tun ina yaro na san su. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, baduku ne a Birni, kuma fatar mesa na cikin abin da yakan saya daga hannun fatake masu tahowa daga kudu, don mesa mai son ruwa ce, ba ta da yawa a ƙasarmu ta rairayi da duwatsu. Galibi fatar ba ta zuwa da kai, amma in an dace ta zo da shi a bushe, mu yara mukan yi ta juya shi. Dukawan da ke zama a zaurenmu cewa suke ƙarin hanci ne, da shi take numfashi sa'ad da bakinta ya cika da abin da take haɗiya. Tunani ne mai kyau daga mutanen da suka lura da abin da ke hannunsu, sai dai ramukan ba su huda ciki ba, a toshe suke. Numfashin lokacin haɗiya kuwa, bakin maƙogwaronta ne take turowa gaba ta ƙasan baki. Ramukan aikinsu daban ne: da su take jin ɗumin jikin abin da za ta kama.

Kowane jiki mai ɗumi yana fitar da wani irin haske wanda idon ɗan Adam ba ya gani. Wani masanin taurari a Ingila, William Herschel, shi ya gano haka a 1800. Ya raba hasken rana da gilashi mai kusurwa uku, launukan bakan gizo suka fito a jere, ya riƙa ɗora ma'aunin zafi a kan kowane launi. Da ya gusa da ma'aunin gaba da ja, inda ido ba ya ganin komai, sai ya ga zafin ya ƙara hawa. Mu 'yan Damagaram mun san wannan haske da fatarmu. Wanda ya taɓa ratsawa ta gefen manyan duwatsun Birni bayan magariba a bazara ya san yadda kuncin da ke fuskantar dutsen ke jin ɗumi, ɗaya kuncin bai ji ba, alhali bai taɓa dutsen ba, iska kuma ba ta kaɗawa. To, abin da kuncinka ke ji sama-sama daga ƙaton dutse, shi mesa ke ji daga jikin ɓera guda.

A gindin kowane rami akwai siririyar fata wadda bakin jijiyoyi suka cika ta maƙil, ga kuma ƙananan hanyoyin jini. Ɗumin ɓera na faɗawa wurin, fatar ta ɗan ɗumama, jijiyar ta aika saƙo, jini kuma ya kwashe ɗumin nan da nan don wurin ya koma a shirye. Zurfin ramin shi ke nuna mata gefe. Da a fili fatar take, da ɗumi daga ko'ina zai same ta daidai wa daida. Amma da yake a cikin rami take, kuma kowane rami da inda ya fuskanta, wanda ke duban ɓeran shi ke fara ɗauka, na kusa da shi ya biyo baya in ɓeran ya motsa. Jijiyar da ke kai saƙon ita ce babbar jijiyar fuska, wadda a jikinmu take kai zafin ciwon haƙori. Sai dai a wurin mesa saƙon yana ƙarewa ne a sashen ƙwaƙwalwar da ke karɓar saƙon ido, su haɗu wuri ɗaya. Shi ya sa masana da yawa ke kiran abin gani, ba ji kawai ba. Hoton ba mai kaifi ba ne, dushi-dushi ne, amma ya isa a kai sara a cikin ramin gafiya inda babu ko ɗigon haske.

Ina son masu karatu su san cewa da mesarmu ta Afirka aka fara tabbatar da wannan. A 1935 wata mai bincike a Jamus, Margarete Ros, ta lura mesar da take nazari tana bin abu mai ɗumi da kai, da ta toshe ramukan da man basilin sai wannan bi ya ragu. Shekara biyu bayan haka, a 1937, Noble da Schmidt a birnin New York suka rufe wa macizai ido, suka riƙa wucewa da ƙwan lantarki a gabansu, an naɗe shi da ƙyalle, wani mai ɗumi wani mai sanyi. Mai ɗumin suke kai wa sara. Da aka toshe ramukan sai suka kasa rarrabewa. Daga baya an gwada mesar Asiya da aka rufe wa ido, ta kai sara daidai inda abincinta yake. Abin da ke burge ni a nan, kuma nakan faɗa wa ɗalibaina, shi ne kayan aikin: man shafawa, ƙyalle, ƙwan fitila. Tambaya mai kyau da haƙurin lura su suka yi aikin.

Yanzu ga maganar janyo akuya daga nesa. An auna nisan da wannan gani ke kaiwa. Masu bincike a jami'ar Bonn ta Jamus sun gwada ƙaramar mesar nan ta Gana, Togo da Binin, wadda ke dunƙulewa in ta tsorata, suka samu tana gane ɗumin abu mai girman ɓera daga santimita 30 ne kawai, ko kamu ɗaya bai kai ba. Ko macijin da ya fi kowane gwaninta a wannan fanni, a gwajinsu bai wuce mita ɗaya ba. Saboda haka mesa ba ta da abin da take kiran dabba da shi. Haƙuri ne makaminta. Takan kwanta a bakin tafki ko kan turbar da dabbobi ke bi, ta yi kwanaki ba motsi, zanen jikinta ya saje da inuwa da busasshen ganye. Akuya ta taho shan ruwa da ƙafarta, har ta iso kanta ba ta gan ta ba. Makiyayin da ya hango haka daga nesa ba laifinsa ba ne in ya ce janyo ta aka yi. In ta kama da haƙora sai ta nannaɗe, kuma matsar nan jini take hana gudu a jikin dabbar har zuciya ta tsaya. Dafi kam ba ta da shi ko kaɗan.

Akwai wani kuskure kuma da bidiyon da ke yawo a wayoyi ke ƙara yaɗawa, wai kowane maciji yana ganin zafin jiki. Ba haka ba ne. Dangi uku ne ke da wannan baiwa: mesa, wasu daga cikin danginta na Kudancin Amurka da ake kira bowa, da wasu macizai masu dafi na Amurka da Asiya, irin mai kacau-kacau a wutsiya. Waɗannan na ƙarshe rami ɗaya gare su a kowane gefe, tsakanin ido da hanci, kuma nasu ya fi na mesa inganci, don tantani ne a rataye a tsakiyar ramin, iska gaba iska baya, sai ya ɗumama da ɗan abu kaɗan. Theodore Bullock da abokan aikinsa a Kalifoniya sun auna jijiyarsa a shekarun 1950, suka ga tana amsa canjin da bai wuce kashi 3 cikin 1000 na digiri ɗaya ba. Wannan dangi babu shi a Afirka gaba ɗaya. Kasa ba ta da ramin nan, kububuwa ba ta da shi, kumurci da gamsheƙa ba su da shi. Wato macizan da ke kashe mutanenmu a gona da wata hanya suke farauta, zan zo kanta.

Kafin nan, ga wani abu da na san zai yi wa masu girki daɗin ji. A 2010 David Julius da masu aiki tare da shi a San Francisco suka gano abin da ke cikin jijiyar ramin wanda ke amsa ɗumi. Wata 'yar ƙofa ce ta furotin a jikin jijiyar, sunanta TRPA1, in ɗumi ya kai wani mataki sai ta buɗe, saƙo ya tashi. Mu ma muna da ita, amma a jikinmu aikinta jin yajin tafarnuwa ɗanya da raɗaɗin barkonon tsohuwa. Abu ɗaya, aiki biyu. Wannan Julius shi ne tun 1997 ya gano ƙofar da ke sa mu jin zafin barkono, kuma a 2021 aka ba shi kyautar Nobel tare da Ardem Patapoutian. Kada wani ya ji wannan ya ce ashe zuba tafarnuwa a bakin ƙofa na korar maciji. Binciken bai faɗi haka ba, kuma ina roƙon kada kowa ya kwana a ƙasa yana dogaro da ita.

Wani abu da na daɗe ina juyawa a raina ya shafi yanayinmu. Ramukan nan bambanci suke gani, tsakanin ɗumin dabba da na abin da ke bayanta. Jikin ɓera wajen digiri 37 ne, na kaza wajen 41. A daren hunturu ko bayan an ɗauke ruwan sama, ƙasa ta yi sanyi, ɓera zai fito fili sarai. Amma a Afirilu da Mayu, da zafin Zinder ke haura 40, dutse da bango su riƙe shi har tsakar dare, a ganina dole bambancin ya dusashe, sai gab da asuba. Wannan tambaya ce da ɗalibin jami'a a ƙasar Sahel ya fi kowa cancantar ya bi diddiginta, don a ƙofar gidansa take. Su kansu dabbobin da ake farauta sun san da zaman wannan gani. A Kalifoniya an ɗauki hoton wani irin kurege da kyamara mai ganin zafi, aka buga sakamakon a 2007. In ya yi arba da maciji mai kacau-kacau, sai ya tura jini wutsiyarsa ta yi ɗumi, ya riƙa kaɗa ta a gabansa. In macijin da ba shi da ramin ne, zai kaɗa wutsiyar amma ba ya ɗumama ta. Tsarki ya tabbata ga wanda ya sanar da kurege wannan.

To, da me kasa da kububuwa ke farauta? Da harshe, kuma wannan kowane maciji yana da shi, har mesa. Harshen ba ya sara, ba ya harbi, babu dafi a jikinsa. Dafi daga wata jaka yake fitowa a bayan ido, ya bi ta cikin fiƙa. Harshe ƙamshi yake kwasowa. In ya fita ya kaɗa a iska ko ya taɓa ƙasa, sai ya koma da ɗan abin da ya manne masa, a kai shi wasu ƙananan kafofi biyu a ganɗa, inda wata gaɓa ta musamman ke tantance shi. Rabuwar harshen gida biyu ma da dalili: reshen dama da na hagu kowane na ɗanɗana nasa gefen, wanda ya fi jin ƙamshin can macijin zai karkata. Haka yake bin sawun ɓera a cikin duhu, haka namiji ke gano mace. Kasa in ta sari ɓera mai ƙarfi takan sake shi, don kada ya cije ta. Ya ruga ya faɗi can gaba, ita kuma ta bi shi a hankali da harshe har ta same shi.

Kasa ta cancanci a daɗe a kanta, don halinta shi ke sa ana taka ta. Ita ma 'yar kwanto ce, takan daɗe wuri ɗaya ba motsi. A jami'ar Wits ta Afirka ta Kudu an horar da karnuka su gane warin macizai iri-iri, suka gane na sauran, na kasa ya gagare su. An buga wannan a 2015. Ke nan ko karen gida ba lalle ya tona ta ba. Yawancin macizai in sun ji tahowar mutum sulalewa suke. Ita kuwa ta dogara da ɓoyonta, sai ta lafe, wani lokaci ta yi huci, kai kuma ka aza ƙafa. Kububuwa, wadda wasu ke kira gobe-da-nisa, ƙarama ce amma mai saurin sara. In ta tsorata takan lanƙwashe jiki tana goga ɓawonta da juna, ya ba da wani sauti shuu. Wanda ya ji wannan a gindin kalgo ko cikin tarin kara, ya ja da baya, kada ya tsaya neman inda take da hannu.

Batun ji kuma, maciji ba shi da kunnen waje, ba shi da dodon kunne irin namu. Amma yana da kunnen ciki, kuma wani ɗan ƙashi ya haɗa shi da ƙashin muƙamuƙi. In ya aza haɓa a ƙasa, girgizar takun ƙafa tana isa gare shi. A Danmak an auna ƙaramar mesar nan a 2012, aka ga ta fi jin sauti mai kauri, mai girgiza sau 80 zuwa 160 a daƙiƙa. Siririn sauti irin na sarewa ba ya isa gare ta yadda ya kamata. Macijin da ke rangaji gaban mai busa, motsin hannunsa da na abin busar yake bi da ido. Macijin nan mai ƙaho da ke binne kansa cikin rairayi a arewacinmu, wajen Tarmit da Tenere, an gwada shi ido a rufe, ba ya kuma jin ƙamshi, ya kama ɓera da girgizar takunsa kaɗai. Ido kuwa ba shi da fatar ƙiftawa, wani ɓawo ne garai-garai ya rufe shi, shi ya sa kake ganin kamar ya ƙura maka ido ko da barci yake. In ya kusa yin saɓa ɓawon yakan yi hazo, ganinsa ya ragu, a lokacin ya fi saurin tsorata da kai sara.

Malam Edita, dalilin da ya sa na yi wannan dogon bayani shi ne, duk gaɓoɓin nan, rami da harshe da muƙamuƙi, an daidaita su ne a kan abin da macijin zai iya haɗiya: ɓera, gafiya, kwaɗo, ƙadangare, ɗan tsako, ƙwai. Mutum ba ya cikin lissafin kasa ko kububuwa. Macijin da ya shigo gida ba aiko shi aka yi ba, ba kuma gaba yake da mai gidan ba. Sawun ɓera ya biyo, ko warin akurki, ko sanyin gindin randa a lokacin zafi. Na ga gidajen da zumunci ya lalace saboda an ce wane ne ya turo maciji, alhali buhunan gero na jingine a ɗakin kwana, ɓeraye na kai da kawo a kansu. Wanda ya fitar da hatsi daga ɗakin da ake kwana, ya nisanta rumbu da akurki, ya toshe ramukan ɓera a gindin bango, ya kwashe tarin itace da tubali daga tsakar gida, ya rage wa maciji dalilin zuwa. Kumurci ya fi kowane shiga gida da dare, kuma David Warrell, likitan da ya yi aiki a Zariya a shekarun 1970, ya rubuta yadda yake saran mutane suna barci. Mu da muke shimfiɗa a tsakar gida duk bazara, gado mai ƙafa da sange a soke ƙarƙashin katifa ba na sauro kaɗai ba ne. Fita da dare kuma, ko zagayawa bayan gida ne, a riƙe cocila a sa takalmi. A gona a ɗaga dami da sanda kafin a sa hannu.

In kuma ƙaddara ta faɗa, nan ne ƙullin garin gardi ke kashe mutum, don yana cinye lokacin da ya kamata a yi a kan hanya. Dafin kububuwa jini yake hana daskarewa. Mutum zai iya wuni yana cewa da sauƙi, kashegari jini ya ɓalle ta dasashi da fitsari. Kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau da igiya ko roba. A cire zobe da awarwaro kafin kumburi, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum a kai shi asibiti, kada a bar shi ya taka da ƙafarsa in da hali. A can akwai gwaji mai sauƙi: a zuba jininsa a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta a jira minti 20, in bai daskare ba an san allurar kashe dafi yake bukata. In kumurci ya tofa a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa nan take, sannan a tafi likita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 81,000 zuwa 138,000 ke mutuwa duk shekara ta dalilin saran maciji. A 2017 ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, a 2019 ta ɗauki alkawarin rage mace-macen da rabi kafin 2030. Wannan alkawari ba zai cika a ƙauyukanmu ba sai allurar ta samu a kusa, a farashin da talaka zai iya, kuma ina fata jaridarku za ta riƙa tambayar hukuma a kai.

Ita mesa ina da roƙo a kanta. Ban ce ba ta da haɗari ba. Ita ce maciji mafi girma a Afirka, takan kai mita 3 zuwa 4, wasu su zarce 5, haƙoranta masu lanƙwasa ne suna yaga nama, kuma babba ba abin da za a bar yaro ko ɗan akuya kusa da ita ba ne. Amma yawancin rayuwarta gafiya da ɓera take ci, su ne kuwa masu ɓarna a lambu da rumbu. Uwar takan nannaɗe ƙwanta ta zauna a kansu har su ƙyanƙyashe, a wannan zama ne mafarauta suka fi samunta, a kashe ta a yi asarar ƙwan duka. Ni ɗan baduku ne, da kuɗin fata aka yi mini rigar makaranta, ba zan zagi sana'ar ba. Amma wanda ya gan ta a lambu, a fadamun Korama ko wajen Gidimuni, ya janye yara da dabbobi ya kira ma'aikatan gandun daji, ya fi a taru a kanta da sanduna.

Abin da nake nema a wurinku ba mai yawa ba ne. Ku buga hoton kan mesa a kusa, a sa kibiya a kan ramukan leɓenta, gefe guda kuma hoton kasa, kububuwa, kumurci da gamsheƙa, kowane da sunansa da Hausa da abin da za a yi in ya sari mutum, a girman da malami zai iya yankewa ya liƙa a bangon aji. Gidajen rediyon karkara su karanta bayanin kafin a gama girbi, don wanda ya fi bukatarsa ba ya sayen jarida. Ɗaliban kimiyya na Jami'ar André Salifou kuma su shiga ƙauyuka su rubuta wane maciji ake gani, a wane wata, da wane lokaci na dare, su tambayi manoma da makiyaya, don sun ga abin da ba ya cikin littattafanmu. In sun tashi yin haka, ajina a buɗe yake gare su ranar Asabar, kuma akwai yara 'yan ƙauye a cikinsa da za su yi musu jagora.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya tsare manomanmu, ya sa a yi girbi lafiya.

Naka mai karatu,
Malamin kimiyyar halittu, unguwar Birni, Zinder